Daga Damagaram zuwa Agadas: abin da ya kamata matafiyi ya sani

Tsakanin Damagaram da Agadas akwai tafiyar kilomita kusan 450, kuma yawancin masu bin hanyar ba su da buri sai su ga ƙarshenta. Su shiga bas da asuba, su ja labule saboda rana, su yi ta barci har a sauke su a tasha da ƙura a gira. In ka tambaye su abin da suka gani, sai su ce maka daji ne kawai, babu komai. Ni ban yarda da wannan magana ba. A yini guda hanyar nan tana ɗaukar mutum daga ƙasar gero, ta ratsa da shi ƙasar makiyaya, ta dire shi a gindin duwatsun Abzin, kuma duk raguwar da ruwan sama yake yi daga kudu zuwa arewa tana nan a jikin itatuwa da gonaki da dabbobi, ga mai ido ya karanta. Damagaram kan samu ruwa kimanin milimita 400 a shekara. Agadas da ƙyar take haura 100. Abin kallon hanyar duka yana tsakanin waɗannan lambobi biyu.

Mai tasowa daga Kano zai bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya ratsa Matamai da Kance, ya shiga Damagaram bayan tafiyar kilomita kusan 240. Shawarata ita ce ya kwana a nan, kada ya zarce. Da yamma ya zaga unguwar Birni, ya ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun da suke tsugune tsakanin gidaje kamar giwaye sun kwanta, ya ga sauran ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19. Nan ne babban birnin Nijar a farkon mulkin Faransa, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Amma unguwar da ta fi shafar tafiyarmu ita ce Zango, don a nan ayarin Abzinawa yake sauke kaya. Hanyar da mota za ta bi gobe, raƙuma ne suka fara taka ta. Ta nan gishirin Bilma da dabino suke gangarowa ƙasar Hausa, ta nan kuma gero da turkuɗin Kura da jan fata da gashin jimina suke haurawa, har da bayi a zamanin da ake wannan mugun ciniki. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta karya fataucin da ake yi har Tarabulus, amma cinikin gishiri da gero bai mutu ba. Yau kwaltar wani yanki ce na babbar hanyar da ta taso daga Aljeriya ta nufi Legas.

A fita da sassafe, bayan sallar asuba. Da farko ido ba zai ga wani sabon abu ba: gonakin gero da wake, rumbuna a bakin ƙauyuka, amalanken shanu, yara na kora awaki. A kula da gawo. Shi ne itacen da ya saba wa sauran, yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoman jihohin Damagaram da Maraɗi sun raya miliyoyin irin waɗannan itatuwa tun bayan farin 1984, ta hanyar barin tohon da ya fito a gona su gyara shi maimakon su sare. Sassaben zamani suke ce masa. Kimanin kilomita 50 daga gari, a yankin Bakin Birji, za a hangi hasumiyoyin ƙarfe da harshen wuta a tsakiyar fili. Matatar man SORAZ ke nan, wadda aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, da bututu yake kawo mata ɗanyen mai daga Agadem can gabas. Ba wurin tsayawa ba ne, kuma ba a ɗaukar hotonsa.

Daga nan sai a fara ƙirga abin da ke ɓacewa. Kuka ce take fara yin ƙaranci, sai tsamiya, sai gawon kansa. Masu karɓar fili su ne aduwa da magarya da bagaruwa da anza da tumfafiya, itatuwa masu ƙaya ko kaurin ganye, waɗanda suka iya jure ƙishi. Tazarar da ke tsakanin shukar gero tana ƙara faɗi, don manomin nan ya san ƙasarsa ba za ta shayar da shuka mai cunkoso ba. An shigo Damargu ke nan, ƙasar da Tanut take zaman babban garinta, kilomita kusan 140 daga Damagaram.

Wanda ya ga Damargu da rani zai yi wuya ya yarda cewa ita ce a da rumbun da ke ciyar da Abzin. Amma haka abin yake. A nan ayari yake cika buhunansa da gero kafin ya haura arewa, kuma saboda geron nan ne manyan Abzinawa suka riƙa kafa ƙauyukan noma a yankin. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya biyo ayarin gishiri ya sauka a Damargu a watan Janairun 1851, a nan ya rabu da abokan tafiyarsa biyu ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Ƙasar da ya gani mai albarka ce. Farin 1973 da na 1984 sun yi mata mummunan rauni, farar ɗango ta 2004 ta ƙara, kuma yau shekarar da aka cika rumbu ba ta kai wadda aka yi gibi yawa ba. Duk da haka mutanen ba su tashi ba. Hausawa da Dagira masu jin Barbarci da Abzinawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya, kuma Hausa ce harshen ciniki. In tafiya ta dace da ranar kasuwar ɗaya daga cikin garuruwan hanya, a tsaya ko da na awa guda ne. A karar raƙuma za a ga dillali ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa yana ja, yana rantsuwa, har a ce albarka ko a ce an sallama.

A Tanut ake yin shirin gaske. A cika tanki, a cika jarkoki da ruwa, a duba tayoyi, a ci abinci. Bayan ta, garin kirki na gaba shi ne Adarbisanat, kuma tsakaninsu sai rugage da 'yan bukkokin masu shayi.

Akwai wani layi a wannan yanki da ba a zana shi a ƙasa ba, amma yana cikin doka. A 1961, shekara guda bayan samun 'yanci, gwamnatin Nijar ta kafa iyakar noma ta arewa. Kudu da layin ƙasar manoma ce, arewa da shi ta makiyaya, kuma wanda ya yi gona a can, dabba ta ci, doka ba ta ba shi diyya ba. Hikimar a fili take: inda ruwa bai isa gero ba, ya isa ciyawa, kuma ciyawar da ta fito nan bana ta fito can baɗi ba ta da amfani sai ga mai yawo da garke. Yawan jama'a da gajiyar gonakin kudu sun tura manoma sun haura layin da nisa, kuma da yawa daga rigingimun da ake ji tsakanin manoma da makiyaya daga nan suke tasowa. Matafiyi zai gani da idonsa: 'yan gonaki masu gero tsayin gwiwa a tsakiyar makiyaya, an kewaye su da ƙaya. A ganina wannan noma caca ce da talauci ya tilasta, kuma kowa na asara a cikinta, mai gonar da mai shanun.

Da gona ta ƙarshe ta wuce, sai fili ya buɗe. Wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ake kira Tadres ita ce zuciyar tafiyar, kuma kyanta ya danganta da watan da aka zo. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba kore ce shar har iyakar gani, tafkuna cike, tsuntsaye a bakinsu, garken jajayen shanu masu dogayen fararen ƙahoni suna tafe a jere bayan saurayi guda da sanda a wuya. Lokacin ne makiyaya suke haurawa wajen Ingal, yamma da Agadas, don dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa mai kanwa, a yi babban taron shekara, samarin Woɗaɓe su yi kwalliya su yi rawar gerewol. Daga Oktoba ciyawar takan bushe ta koma launin zinariya, iska na kaɗa ta kamar ruwa. Wannan shi ne lokacin da na fi so wa mai tafiyar kallo, daga Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, hazo bai yi kauri ba. In hunturu ya kankama, ƙura takan rufe nesa, sanyin dare kuma yakan sa mai rigar shan iska kuka. Afrilu da Mayu kuwa, zafi yana wuce digiri 40, ƙasa ta zama fara fat, dabbobi sun rame, kawalwalniya tana rawa a kan kwalta kamar tafki. Wanda ba dole ta sa shi ba, kada ya zaɓi bazara.

Ciyawar nan mai kyan gani daga mota, rabinta ƙarangiya ce. Wanda ya sauka da silifa da doguwar riga zai shafe awa yana cire ta. Amma kada a raina ta: busasshiyar ƙarangiya ce ke riƙe da dabbobi har faɗuwar ruwa, kuma a shekarun yunwa mutane sun sussuke ƙwayarta sun ci, kamar yadda suka jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Shi ya sa wutar daji a nan masifa ce babba. Guntun taba guda da aka jefa ta taga a watan Nuwamba yana iya cinye abincin dubban dabbobi a dare ɗaya. Wanda ya hura wutar shayi a gefen hanya, ya share wurin tukuna, in ya gama ya binne garwashin da yashi.

Sai rijiya. Duk inda aka hangi ƙura ta tashi tsaye da tarin dabbobi a wuri guda, rijiya ce, kuma ya kamata a tsaya a gani, don a nan ake fahimtar yadda ake rayuwa a ƙasar. Rijiyoyin suna da zurfin da hannu ba ya iya jan guga. Akan kafa itace mai baki biyu a bakin rijiyar, a sa ƙaramar gargarar katako, a ɗaura igiyar a jikin jaki ko raƙumi ko takarkari, yaro ya kora shi ya yi nisa har gugar fata ta fito, babba ya karɓa ya juye a komi, ya yi kira, yaron ya juyo. Tsawon tafiyar da dabbar ta yi shi ne zurfin rijiyar. Haka ake yi tun safe har rana ta karkata, garke bayan garke, kowa da layinsa, raƙuma na jira a gefe don su sun fi haƙuri. Bakin rijiyar duk ya tsattsage saboda gogar igiya ta shekaru.

Rijiya tana da mai ita, tana da ladabinta. A ajiye mota nesa don kada a firgita dabbobi. A yi sallama, a gaisa, a tambayi lafiyar gida da ta bisashe, kafin a roƙi ruwa. Ba a hana baƙo ruwan sha a wannan ƙasa, amma guga guda gumin mutum ne da dabba, don haka ba a wanke mota da shi, ba a sa sabulu kusa da komi. Kada a tambayi makiyayi yawan dabbobinsa. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mace ko yaro ko dattijo ba da izini ba. A kula da suna kuma: mu mun saba cewa Buzaye da Bororo, amma da yawansu sun fi son a ce Abzinawa ko Kel Tamashek, a ce Woɗaɓe. Namijin Ba'abzine ba ya sauke rawaninsa daga baki a gaban baƙo ko surukai, ko da zai sha ruwa ta ƙarƙashi yake sha, wannan kunya ce da mutunci, ba girman kai ba. In aka shimfiɗa maka tabarma aka ɗora shayi, ka san zama ya kama ka, don sau uku ake zubawa, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma tashi bayan kofin farko rashin kyautawa ne. Mai hankali yakan taho da ganyen shayi da sukari a mota, su ne kyautar da ba a mayarwa. In mata suka kawo cuku, wato busasshen cukwin nono mai faɗi kamar takarda, a saya, kada a tsananta ciniki. Da shayi ake cin sa, ko a daka shi cikin fura da dabino.

Adarbisanat gari ne na makiyaya da kasuwar dabbobi, akwai shingen jami'an tsaro, akwai abinci da wurin sallah. Daga nan saura kilomita kusan 160.

Bayan ƙauyen Abalama ƙasa takan canja farat ɗaya. Tudun da aka yini ana tafiya a kansa sai ya yanke, hanya ta gangara ta bakin wani dogon gacin dutse mai launin ja da baƙi, wanda ya yi baka ya kewaye kudancin Abzin. Tigidit ke nan. In an iso da la'asar, rana ta bugi dutsen daga yamma, a tsaya a sama a dubi shimfiɗar da ke ƙasa kafin a sauka. Duwatsun nan tsohon laka ne da yashin koguna na miliyoyin shekaru. A cikinsu ake tsintar kututturan itatuwa da suka zama dutse, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam. Ayarin masu bincike ƙarƙashin Ba'amurke Paul Sereno ya haƙo wata irin dabba mai dogon wuya a wannan yanki a 1997, aka sa mata suna Jobaria tiguidensis, wato an haɗa da sunan Tigidit. Gabas da nan, a Gadufawa, aka samo ƙasusuwan wani kada da tsawonsa ya kai kusan mita 10. Ƙasar da yau ake jan guga da raƙumi, a da kada ne ke iyo a cikinta. Wanda ya ga irin waɗannan duwatsu ya bar su inda suke. Dukiyar ƙasa ce, kuma fita da su laifi ne.

Ƙasan gacin fili ne na laka, wanda da rani yake tsattsagewa, da damina kuma ya zama tarko. A nan ya kamata a yi maganar kori, wato busasshen rafin da ba ya gudu sai an yi ruwa. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun Abzin ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya, kuma yana iya iso ka alhali sama a kanka tas take. Ba a kwana a cikin kori komai laushin yashinsa da inuwar itatuwansa. In aka tarar yana gudu a kan hanya, a jira. Awa biyu ko uku yakan janye, amma motar da ta shiga da gaggawa ba kullum take fita ba.

Alamar isowa ita ce hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ginin laka zalla da itatuwa tsitstsire a jikinta. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, kuma shekaru ɗaruruwa ita ce ayari yake hange ya san ya tsira. Tsohon garin, da fadar Sarkin Abzin da lungunansa, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Bahaushe ba ya baƙunta a nan, don Hausa ake yi a kasuwa da cikin gidaje. A ga gidan da Barth ya sauka a 1850, a ga maƙeran farfaru masu ƙera sarƙar nan da ake kira da sunan garin, a ci albasa da lemo da rumman da ake kawowa daga lambunan cikin duwatsu irin su Timiya da Tabelot. Can arewa maso gabas tsaunin Bagazam yake, wanda sunansa ya daɗe a bakin Hausawa saboda dawakinsa.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Hanyar ba ta zama iri ɗaya shekara biyu a jere: an gyara wasu sassa, wasu kwaltar ta farfashe, wani wuri yashi ya hau kanta. Mai motar kansa ya riƙe tayar safaya biyu, da shebur, da igiyar ja, da famfon iska, don in an shiga yashi sai an rage iskar taya. Ruwa kuwa, a ƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, a ƙara na kwana biyu a kai saboda lalacewar mota. Layin waya yana ɗaukewa tsakanin garuruwa, don haka a sanar da wani a gida lokacin tashi da lokacin da ake sa ran isa. In mota ta mutu, a zauna kusa da ita, wata za ta zo. Wanda ya taka da ƙafa neman taimako da tsakar rana shi ake nema daga baya. A canji kuɗi zuwa sefa tun daga Damagaram, a riƙe ƙananan takardu. Takardun shaida da na mota da katin rigakafin shawara su zama cikakku, a miƙa wa jandarma da fara'a a kowane shinge.

Ba a tafiyar dare a wannan hanya. Raƙumi yakan kwanta a kan kwalta don ɗuminta, ba a ganinsa sai an zo dab, kuma 'yan fashi ma dare suke so. Halin tsaro a arewacin Nijar yana sauyawa, dokokin ƙetare iyaka ma sun sassauya tun daga 2023, wani lokaci kuma hukuma takan ce sai da rakiyar sojoji, musamman ga baƙi 'yan ƙasashen nesa. In an ce a jira ayarin motoci, a jira. Kafin ka sa ranar tafiya, je tashar motocin Agadas a Damagaram, ka nemi direban da ya sauko jiya, ka saya masa shayi, ka tambaye shi halin da ya baro hanya. In ya ce lafiya, ka nemi kujerar bakin taga, ka bar labulen a buɗe, kuma duk ledar da ka sha ruwa a ciki ka dawo da ita gari, don akuyar da ta haɗiye ta ba ta kai damina.